Burus Li da Littafinsa na Haɗa Dabarun Faɗa

A cikin shekarar 1975 aka buga wani littafi a ƙasar Amurka mai suna Tao of Jeet Kune Do. Sunan da ke bisa bangonsa na Burus Li ne, mutumin nan da samarin biranen ƙasar Hausa suka yi ta tururuwa zuwa gidajen silima don su ga yadda ya ke naushi da shuri. Sa'ad da littafin ya fito mai shi ya shekara biyu a ƙasa, don ya rasu ran 20 ga Yuli, 1973, a Hongkong, yana da shekara 32. Matarsa Linda ita ce ta tattara takardun da ya bari, wani marubuci Gilbert Johnson ya jera su, sa'an nan aka kai maɗaba'a.

Tun daga lokacin nan littafin ya zama hujjar duk wanda ke so ya haɗa dabarun faɗa iri iri. Yaro ya yi wata uku wurin mai koyar da kareti, ya gaji da tsawar malam, sai ya koma wurin 'yan damben Turawa, ya yi wata biyu, ya tsallaka wurin 'yan judo. In an tambaye shi dalili sai ya ce ai haka Burus Li ya koyar, kada mutum ya ɗaure kansa ga hanya guda. Zancen kuwa ya wuce wasa, domin wanda ya yi kuskure a karatun tarihi jarrabawa kaɗai zai faɗi, amma wanda ya yi kuskure a wannan karatu haƙoransa ne za su biya. Saboda haka ya kamata a buɗe littafin a auna shi, a ga ko ya ba da iznin da a ke cewa ya bayar.

Da farko sai a san ko wane ne mai takardun kafin ya soma haɗe-haɗe. An haife shi a San Faransisko cikin 1940, sa'ad da ubansa, wanda sana'arsa wasan kwaikwayo ce, ya je yawon wasa Amurka. A Hongkong ya girma. Yana saurayi ya shiga makarantar wani dattijo mai suna Yip Man, mai koyar da irin kumfun da a ke kira Win Cun. Wannan hanya ta faɗan kurkusa ce. A kan ƙaddara wani layi ya sauko daga tsakar ka, ya bi ta hanci da maƙogwaro da ƙirji, a ce manyan wuraren rauni duk a kansa su ke. Aikin almajiri shi ne ya tsare nasa layin, ya aika naushi a miƙe ta kan na abokin karawa. Suna da wani horo kuma, mutum biyu su manna damatsa su yi ta juyawa, har hannu ya koyi jin inda ƙarfin wancan ya nufa tun ido bai gani ba. Burus Li ya yi shekaru a kan wannan, ko da ya ke bai sauke karatun ba sa'ad da ya koma Amurka cikin 1959. Kafin tafiyarsa, cikin 1958, ya ci gasar damben Turawa ta 'yan makaranta, ya kuma ci gasar rawar ca-ca ta Hongkong. Masu ba da labarinsa su kan ambaci rawar da murmushi, alhali mai rawa da ɗan dambe duk da ƙafa su ke cin abinci.

Abin da ya juya tunaninsa ya faru a garin Oklan na jihar Kalifoniya, wajen ƙarshen 1964, sa'ad da suka kara da wani gwanin kumfu mai suna Wong Jack Man. Labarin ya rabu biyu. Linda ta ce cikin kamar minti uku mijinta ya gama da shi, Wong kuwa ya ce sun wuce minti ashirin, ba kuma wanda ya ka da wani. Amma abin da ya biyo baya ba a gardama a kansa: Burus Li bai ji daɗin kansa ba. Bisa ga faɗar Linda, ya ga ya gaji yana haki, ya ga kuma dabarun kurkusa ba su yi masa amfani sosai ba ga mutumin da ya ƙi tsayawa a kurkusa. Daga nan ya shiga gudu da ɗaga ƙarfe, ya shiga sayen littattafan dambe da na kokawa da na wasan takobi, yana karantawa yana ja musu layi. Watau rami ya gani a cikin abin da ya riga ya iya, ya fita neman ƙasar cike shi. Wannan dabam ne da halin yaron da bai haƙa kome ba tukuna.

Cikin 1967 ya raɗa wa hanyarsa suna Jit Kun Do, ma'anarsa hanyar naushin da ke tare hari tun yana tafe. A cikin sunan nan duk hikimar littafin ta ke. Mutum ba ya iya bugun wani sai ya matso, a daidai lokacin da ya ɗaga ƙafa zai matso kuwa hankalinsa na kan bugun da zai yi, ba ya kan tsaron kansa. To, maimakon a kare bugun sa'an nan a rama, watau aiki biyu, sai a tarye shi da naushi tun yana hanya, aiki ya zama ɗaya. 'Yan Win Cun sun san wani abu mai kama da haka, amma waɗanda suka fi kowa ƙididdige shi su ne masu wasan takobi na Turai. Wan Burus Li, mai suna Peter, gwanin wasan takobi ne, shi kuma ya karanta littattafan malaman wasan.

Sai a dubi abin da wannan ra'ayi guda ya jawo. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka ya san yadda ɗan dambe ke tsayuwa: hannun da ba a naɗe ba yana gaba, shi ne garkuwa, naɗaɗɗen hannu kuwa yana can baya a ɗane, shi ne mashi. Ɗan damben Turawa ma haka, in na-dama ne hagu ya ke sa wa gaba, ya ajiye dama don babban bugu. Burus Li ya juya abin, ya sa hannu mai ƙarfi da ƙafa mai ƙarfi gaba, kamar yadda mai takobi ke sa hannun takobi gaba, domin mai son tarye ba shi da lokacin da zai ɗauko makami daga baya. An ce har fina-finan damben Muhammad Ali ta cikin madubi ya kan kalle su, don hagun Ali ya koma masa dama.

Amma ba a samun abu a banza. Hannun da ke gaba tafiyarsa gajera ce, bugunsa kuwa ba ya kai na hannun baya nauyi. Don ya biya wannan hasara sai ya koma ga littafin Jack Dempsey, wanda ya riƙe sarautar damben duniya ta masu nauyi daga 1919 zuwa 1926, ya kuma buga littafinsa cikin 1950. Dempsey ya koyar da yadda mutum zai saki nauyin jikinsa ya faɗa gaba da ɗan taku, ya sa naushi ya sauka tare da nauyin, har hannun gaba ya zama abin tsoro. Ya kuma yarda da a buga miƙaƙƙen naushi da dunƙule a tsaye, babban yatsa na sama, wanda haka 'yan Win Cun ke yi tun asali, saboda haka a nan aro da gado suka haɗu ba tare da faɗa ba. Faɗawa gaba kuma tana bukatar abin da zai tunkuɗa jiki da sauri, sai ya ɗaga diddigen ƙafar baya ya bar shi a ɗane. Tsayuwar Win Cun mai nauyi a baya ba ta dace da wannan ba, sai ya bar ta, ko da ya ke ita ya gada wurin malaminsa. Mai karatu ya lura da yadda abin ke tafiya: ko wane aro ya zo ne don ya toshe kafar da aron da ya gabace shi ya buɗe, dukansu kuma a turke ɗaya aka ɗaure su. Shafuffukan da ke bayanin taku da tazara da lokacin bugu su ne mafi kyau a littafin, sun isa a sayi littafin dominsu.

Akwai wani abu kuma da ya gane wanda masu kwaikwayonsa su kan tsallake. Ko wace dabara 'yar dokar filinta ce. Ɗan damben Turawa ya kan sunkuya ƙasa ƙwarai ya kauce wa naushi, don ya san doka ta hana a tarye fuskarsa da gwiwa. Ya kan rufe fuska da hannu biyu, don safar dambe mai kauri ce, dunƙulen da ba safa kuwa ta tsakanin hannuwan zai wuce. Mai takobi gaba da baya kawai ya ke tafiya bisa siririn fili, da ya taɓa abokin wasa kuma alƙali ya tsai da su. Ɗan judo riga ya ke kamawa. In an ciro dabara daga gidanta aka kai ta inda dokar nan ba ta aiki, to, kariyar da dokar ke ba ta ba ta biyo ta ba. Shi ya sa Burus Li ya ɗauki takun ɗan dambe da kaucewarsa, amma bai yarda ya tsaya ga hannu kaɗai ba. Ƙafar gaba ita ce makami mafi tsawo, gwiwar abokin karawa da ƙwaurinsa su ne wuri mafi kusa, sai ya mai da shurin gefe zuwa gwiwa abin tarye na fari. Hanyoyin kai hari guda biyar da littafin ya lissafa ma haka su ke. Danne hannun mutum kafin a buge shi daga Win Cun ya fito, jera naushi bi da bi daga dambe, yaudara da barin kafa da gangan don a jawo shi ya shigo kuwa masu takobi da 'yan dambe duk sun san su.

Wannan shi ne alherin littafin. Aibinsa kuwa na farko shi ne, ba littafi ne da mai shi ya gama ba. Cikin 1970 Burus Li ya ji ciwo a baya wajen ɗaga ƙarfe, ya yi watanni a kwance, a nan ya rubuta da yawa daga cikin takardun, waɗansu kuma sun girmi lokacin. Takardun tuni ne na mutumin da ke magana da kansa. Magana ɗaya ta kan dawo sau uku, wata ta tsaya a tsakiya, wata kuma ba a san ko ya riƙe ta har ƙarshe ko ya yar da ita ba. Mafi muni, jimloli da yawa kwafo su ya yi daga littattafan waɗansu, kamar littafin dambe na Edwin Haislet na 1940, da littattafan takobi, da maganganun wani malamin Indiya mai suna Krishnamurti. A cikin shafuffukan ba a sa alamar da za ta nuna wannan nasa ne wannan na wani ba. Ba a ce ya yi sata ba, don duk ɗalibi ya kan kwafi abin da ya so cikin littafin tuninsa, bai kuma san za a buga ba. Laifin na masu bugawa ne. Illarsa ga mai karatu babba ce, domin littafin da duk darajarsa ita ce ya nuna yadda a ke aro, ga shi bai bayyana dukan gidajen da aka yi aron ba. Wanda ya so ya koma ga tushe ya ga abin da aka ɗauka da abin da aka bari, sai ya sha wuya.

Babin farko kuma, wanda ke cike da zancen falsafar Zen, kan rikitar da sabon shiga. Ana ta yabon rashin siffa da rashin hanya, ana zargin masu haddace jerin motsi suna bugun iska. Akwai gaskiya a zargin. Amma mai faɗin haka ya riga ya maimaita naushi guda sau dubbai kafin ya faɗa. Yaro ya kan karanta wannan babi ya ji daɗi, don ya ba shi dalilin raina malaminsa, sa'an nan ya rufe littafin tun bai kai babin taku ba, inda wahalar ta ke.

Aibi na uku shi ne kokawa. An ba ta 'yan shafuffuka, yawancinsu zane ne da sunayen kamu, ba bayani mai zurfi irin na naushi. Ba wai bai san muhimmancinta ba. Almajirinsa na farko a Siyatil, Jesse Glover, ɗan judo ne, ya kuma yi musayar dabaru da gwanin judo Gene LeBell, har ma karawar farko a fim ɗin Enter the Dragon na 1973 da murɗe hannu a ƙasa ya ƙare ta. Amma bai kai ga ɗaure kokawa a turkensa ba. Shekara 20 bayan rasuwarsa aka ga girman wannan rami. Cikin Nuwamba 1993 aka tara mutum takwas masu hanyoyi dabam dabam a birnin Denba na Amurka, aka rage dokoki ƙwarai, aka ce su kara. Wanda ya ci shi ne Royce Gracie na Barazil, wanda bai kai yawancinsu jiki ba. Mutum uku ya ka da a dare guda, ko wanne ya kai shi ƙasa har ya sallama. Na farkonsu ɗan damben Turawa ne da ya shigo da safa a hannu ɗaya, sai ka ce ɗan damben Hausa, bai kuwa sami sukunin saukar da ita ko sau ɗaya ba.

Wajen shaida ma sai a yi hattara. Fim ba hujja ba ne, don abokin karawa a fim an biya shi ne ya faɗi, shurin sama da ke sa 'yan kallo ihu kuwa shi kansa Burus Li bai ɗauke shi abin dogara a faɗan gaske ba. Bai kuma shiga gasar manya ba bayan ya girma. Shaidar da ta fi ƙarfi guda biyu ce. Cikin 1967, a taron kareti na Long Beach, ya nuna karawa da cikakken bugu, an sa kayan kare kai da ƙirji, a zamanin da 'yan kareti na Amurka ke tsai da naushi kafin ya taɓa jiki. Sa'an nan zakaran kareti Joe Lewis, wanda ya yi horo wurinsa, ya shiga fili cikin Janairu 1970 a karawar da aka yarda da naushi da shuri na gaske, ya ka da abokin karawarsa. Ma'aunin Burus Li ke nan: abin da aka aro sai an gwada shi a kan mutumin da ba ya so a buge shi.

In ana so a ga abin da littafin ya rasa ƙwarai, sai a ajiye shi kusa da aikin Jigoro Kano na Japan, wanda sunansa ya yi kama da na birnin Dabo amma ba dangantaka. Shi ma mai haɗawa ne. Ya soma koyon jujutsu cikin 1877 a makarantar da ta fi ƙarfi wajen shaƙewa da dannewa, daga baya ya shiga wata da ta fi ƙarfi wajen kayarwa, har akwai kayen da ya ce daga littafin kokawar Turawa ya samo dabararsa. Cikin 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a wani ɗakin ibada a Tokyo. Turkensa shi ne a gusar da mutum daga daidaiton tsayuwarsa kafin a ka da shi. Ya ware dabarun da ke da haɗari ya hana su a wasa, don almajirai su iya kama juna da iyakar ƙarfinsu kullum ba a karya kowa ba. Ya sa darajoji, ya kuma jera kaye-kaye aji biyar cikin 1895. Watau ya bar tsani wanda yaron da bai san kome ba zai taka daga matakin ƙasa. Cikin 1964 judo ya shiga wasannin Olimfik. Wani almajirin Kodokan, Mitsuyo Maeda, ya sauka Barazil cikin 1914, daga gare shi gidan Gracie suka samo asalin abin da aka gani a Denba.

Burus Li ya ƙi barin tsani, da gangan kuwa. Tsoronsa shi ne almajirai su mai da Jit Kun Do wata sabuwar hadda, su yi ta kwaikwayon motsinsa kamar yadda ya zargi waɗansu da yi. Cikin 1970 ya rufe makarantunsa, babin ƙarshe na littafin ma gargaɗi ne kada a ɗauki sunan da nauyi. Ana iya girmama wannan tsoro, amma ga abin da ya haifar. Sabon shiga ba ya iya zaɓen abin da zai amfane shi, don ba shi da mudun awo. Bai san ko dabara ce ba ta da kyau, ko shi ne bai iya ta ba, wata uku kuwa ba su isa su raba masa gardamar ba. Taura biyu ba ta taunuwa ga mai haƙoran nono. Bayan rasuwarsa almajiransa suka rabu. Waɗansu, kamar Ted Wong, suka tsaya ga abin da ya koyar da hannunsa. Waɗansu, bisa jagorancin Dan Inosanto, suka ci gaba da ɗauko dabaru daga faɗan sanda na Filifin da damben Tailan da sauransu. Ko wane ɓangare kuwa yana iya buɗe littafin ya nuna shafin da ya goyi bayansa. Wanda littafin zai yi wa amfani sosai shi ne mutumin da ya riga ya shekara biyar ko fiye a hanya guda, ya sha bugu har ya san inda tasa hanyar ke yoyo, yana kuma da abokan karawa da za su nuna masa ƙaryar abin da ya aro.

Ya yi niyyar ya bayyana ra'ayin nan a fim. Cikin 1972 ya soma ɗaukar Game of Death, labarin hasumiya mai hawa biyar, ko wane hawa da gwanin wata hanya yana tsaro, mai hawa kuwa tilas ya sake dabara a ko wane bene. Hawa uku ya samu ya ɗauka: na Inosanto mai sanduna, da na Ji Han-jae gwanin hapkido na Koriya, da na almajirinsa Kareem Abdul-Jabbar, ɗan ƙwallon kwando wanda tsawonsa ya wuce ƙafa 7. Ya dakatar da aikin don ya yi Enter the Dragon, ajali ya riske shi bai koma ba. Shi ma fim ɗin waɗansu ne suka ƙarasa shi, kamar littafin. Da aka fito da shi cikin 1978 an sake labarin duka, abin da aka sa na ainihin karawar da ya ɗauka bai wuce kamar minti 11 ba. Sauran wuraren waɗansu mutane ne aka sa wa baƙin tabarau suka tsaya a madadinsa, a wani wuri ma hoton fuskarsa aka yanko aka manna bisa madubi, wani ya zauna daidai da shi.